Yaron da Ake Tsoro a Gidansu: Yadda Ake Agaza wa Iyayen da 'Ya'yansu ke Duka

Matar da mijinta ke duka tana da hanyar fita, ko da hanyar mai wuya ce: tana iya barin gidan, kuma idan ta ba da labari akwai masu tausaya mata. Uwar da ɗanta mai shekara 13 ke shaƙe wa wuya ba ta da wannan gatan. Wanda ke cutar da ita shi ne wanda aka ɗora mata alhakin ciyarwa da karewa. Ba ta iya guduwa ta bar shi, ba ta iya korarsa, kuma idan ta buɗe baki, abin da ya fi saurin dawo mata shi ne "ai ke kika sangarta shi". Wannan ne ya sa matsalar ke daɗewa a rufe, sau da yawa shekaru, kafin wani na waje ya ji ɗuriyarta. Kuma wannan rufa-rufar ita ce ke ba dukan damar girma.

Masana sun daɗe da sanin abin. A 1979 wasu masana lafiyar ƙwaƙwalwa biyu a Amurka, Henry Harbin da Denis Madden, suka wallafa rahoton da ya fara jawo hankalin likitoci kan iyayen da 'ya'yansu ke duka. A Japan ma an yi ta muhawara a kai tun shekarun 1970. A Sifaniya ƙararrakin da ke isa gaban masu gabatar da ƙara sukan haura 4,000 a shekara. Ƙididdigar da aka fi ambata ita ce ta masu bincike biyu a Ingila, Rachel Condry da Caroline Miles, waɗanda suka bi bayanan 'yan sandan Landan na shekara guda, daga 2009 zuwa 2010, suka tarar da ƙorafi 1,892 kan matasa 'yan shekara 13 zuwa 19. Kashi 87 cikin ɗari na waɗanda aka kai ƙara maza ne, kashi 77 na waɗanda aka cutar mata ne, kuma kusan biyu bisa uku tsakanin ɗa ne da uwarsa. Sai dai a karanta waɗannan lambobi da lura, domin abin da ya kai ga 'yan sanda ne kawai suke nunawa. Idan aka tambayi matasa kai tsaye a makarantu, tazarar da ke tsakanin maza da mata tana raguwa sosai. Uba kuwa ya fi uwa jin nauyin cewa ɗansa ya buge shi. Kakanni masu riƙon jikoki, da waɗanda suka karɓi riƙon yaron da ba su haifa ba, duk suna cikin wannan lissafi.

Ina rashin kunya ya tsaya, ina cin zarafi ya fara?

Yaro ɗan shekara uku da ya kai wa uwarsa duka don an hana shi wani abu, ko matashin da ya buga ƙofa sau ɗaya cikin fushi, ba su ne abin da ake magana a kai ba. Alamomi biyu ne ke raba su da matsalar: maimaituwa da tsoro. Tambayar da ta fi fito da gaskiya ita ce: "Akwai abin da kika daina yi ko faɗa a gidanki don gudun abin da zai biyo baya?" Idan uwa ta daina gayyatar baƙi, tana ɓoye jakarta, tana auna kowace kalma kafin ta furta, tana kwana da ƙofa a kulle, to an wuce rashin kunya. Kuma ba duka kaɗai ba ne. Akwai turewa, tofa yawu, jifa, farfasa kaya, ƙwace kuɗi, tare ƙofa, cutar da ƙanne, barazana da wuƙa, barazanar kashe kai idan ba a ba shi abin da yake so ba, da barazanar yi wa iyaye ƙazafi gaban hukuma.

A 2001 Barbara Cottrell ta Kanada ta bayyana matsalar a matsayin abin da yaro ke yi da niyyar cutar da uwa ko uba domin ya sami iko a kansu. Bayanin ya dace da wasu yaran, amma bai kama kowa ba. Akwai yaron da ke amfani da tsoro da gangan: yana zaɓar wanda zai far wa, yana zaɓar lokacin da babu shaida, kuma da zarar ya sami abin da yake nema sai ya koma lafiya lau kamar ba a yi ba. Akwai kuma wanda abu ne ke fin ƙarfinsa: hayaniya, sauyin tsari ba zato, tsoro, ko gajiya. Wannan ko an ba shi abin da ya nema ba ya tsayawa sai guguwar ta wuce, bayan nan ya yi laushi, wani lokaci ma bai tuna duk abin da ya yi ba. Yawancin yara suna da rabo a duka biyun, domin wanda ya fara da fin ƙarfi yakan gane daga baya cewa ihu da jifa suna biya masa buƙata. Wani kuskure da ake yawan yi shi ne a ce, "Tunda a makaranta ba ya yi, da gangan yake yi a gida." Yara da yawa, musamman masu larurar otizim (wadda ke shafar magana da mu'amala da mutane) ko ADHD (larurar rashin natsuwa da kasa mayar da hankali), suna danne kansu yini guda ne a makaranta, su zo su sauke a inda suka san ba za a kore su ba.

Dalilan da ke haifar da abin suna da yawa, kuma ba kasafai ɗaya ke tsayawa shi kaɗai ba. Wanda bincike ya fi nanatawa shi ne yaro ya tashi yana ganin ana dukan uwarsa, ko shi kansa ana dukansa. Sau da yawa dukan da ɗan ke yi wa uwarsa yana farawa ne bayan uban mai duka ya bar gidan. Akwai raunin zuciya daga wulaƙanci ko sakaci tun yana ƙarami: binciken Julie Selwyn da abokan aikinta na Jami'ar Bristol a 2014 ya nuna cewa far wa masu riƙo na cikin manyan dalilan da ke rusa riƙon yaran da aka karɓa. Akwai larurorin ƙwaƙwalwa, shaye-shaye, bashin da miyagun abokai ke bin yaro, cin zalin da ake yi masa a makaranta. Akwai kuma gidajen da za ka bincika ba ka sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sanin dalili yana da amfani wajen zaɓar magani, amma ba ya halatta duka, kuma bai kamata a bar uwa tana shan naushi wata shida tana jiran sakamakon gwajin likita ba.

Yadda abin ke ciyar da kansa

Gerald Patterson, wanda ya shafe shekaru yana nazarin iyalai a jihar Oregon ta Amurka, ya nuna yadda iyaye da yaro ke koya wa juna tsananta rikici ba tare da sun sani ba. Ɗauki misalin waya da ƙarfe 11 na dare. Uwa ta ce a ajiye. Yaro ya ƙi. Ta ɗaga murya, ya zage ta. Ta kai hannu za ta karɓa, ya hankaɗe ta ta bugu da bango. Ta janye, ya ci gaba da wayarsa. A daren yaron ya koyi cewa zagi bai isa ba, hankaɗewa ce ke aiki. Ita kuma ta koyi cewa janyewa na kawo sauƙi nan take. Gobe dukansu za su fi saurin isa wannan matakin. Mafi muni shi ne idan wani lokaci ta dage, wani lokaci ta sallama, domin yaron da bai san yaushe za a sallama ba yakan ci gaba da matsawa har sai ya gani.

Hanyoyi biyu ne rikicin ke hawa: ramuwa da sallamawa. Mai ramuwa yana mayar da ihu da ihu, duka da duka, kowa na neman ya zama shi ne na ƙarshe. Mai sallamawa yana biyan kowace buƙata don a zauna lafiya, buƙatun kuma suna ƙaruwa. Gidaje da yawa suna lilo ne tsakanin biyun, ko kuma uba na ramuwa uwa na sallamawa, kowa na zargin ɗan'uwansa da ɓata yaron. Nan ne amsar masu cewa "a zane shi kawai ya dawo hayyacinsa" take rushewa. Duka yana tabbatar wa yaron darasin da ake son cire masa, wato mai ƙarfi shi ke da gaskiya. Yana kuma da wa'adi: ranar da yaron ya fi mai dukansa tsawo, lissafi ya juya. Kafin ranar ma, abin da uba ya yi masa da dare, a kan uwa ko ƙanne yake hucewa da safe.

Abin da mai taimako zai fara yi

Ko ɗan'uwa ne, ko malami, ko ma'aikaciyar jinya, ko jami'in walwala, amsar farko ita ce ke yanke ko uwar za ta sake magana. A gaskata ta. A tambaye ta ita kaɗai, ba gaban yaron ba, kuma da tambayoyi masu kama abu: Ya taɓa kama miki wuya? Ya taɓa ɗaukar makami? Yaushe ne na ƙarshe? Su wa ke gidan idan abin ya tashi? Kina tsoronsa? A tambayi ɗaya gefen kuma: akwai mai cutar da yaron, a gida ko a waje? Akwai babban da ke zuga shi a kan uwarsa, kamar tsohon miji? Yaro na iya zama mai cutarwa kuma wanda ake cutarwa a lokaci guda, kuma dole a riƙe duka biyun. Tsarin kare yara a ƙasashe da yawa an gina shi ne kan zaton cewa babba ne ke cutar da ƙarami, shi ya sa uwar da ta je neman agaji takan tarar ita ake bincike. A Ingila ma, dokar cin zarafi a cikin gida ta 2021 ta shafi 'yan shekara 16 zuwa sama ne, don haka uwar ɗan shekara 14 ba ta shiga ƙarƙashinta kai tsaye.

A nemi iyayen su riƙe ɗan littafi na mako biyu zuwa uku: rana, lokaci, abin da ya faru kafin rikicin, abin da yaron ya yi, tsawon lokacin, raunin da aka ji, da yadda abin ya ƙare. Wannan na ƙarshe ya fi sauran muhimmanci, domin a nan ake ganin abin da dukan ke samo wa yaron. Littafin yakan nuna abin da ido bai gani ba, kamar cewa kusan duk rikicin yana tashi ne bayan dawowa daga makaranta, ko lokacin kashe na'ura, ko washegarin ziyarar wani. Idan kuma yaro mai sanyin hali ne ya sauya farat ɗaya, a fara da likita. Ciwon haƙori ko kunne ko taurin bayan gida ga yaron da ba ya iya magana, farfaɗiya, buguwar kai, sabon magani, ƙwaya, farkon taɓin hankali, ko lalata da aka yi masa, duk suna iya fitowa a matsayin duka.

Tsaro tukuna

Ba a fara gyaran hali a gidan da ake tsoron kwana. Tsarin tsaro ana rubuta shi ne lokacin da kowa ke cikin natsuwa. Wuƙaƙe, almakashi, kayan aiki masu kaifi, magunguna, ashana da man fetur a kulle su, bindiga kuwa a fitar da ita daga gidan gaba ɗaya. Idan rikici ya fara, a guji kicin, banɗaki da saman bene, wato inda akwai makami, ko ƙasa mai tauri, ko ƙofa ɗaya tak. Babba ya tsaya kusa da hanyar fita, amma kada ya tare wa yaron tasa hanyar, domin sau da yawa a bakin ƙofa ake jin rauni, lokacin da yaro ke son fita aka tare shi. Waya da caji da makulli su kasance a jiki. Ƙanne su san kalma ɗaya da idan an faɗe ta za su tafi wuri sananne, ɗaki mai sakata ko gidan maƙwabcin da aka riga aka yi magana da shi, kuma a gaya musu ƙarara cewa rabon faɗa ba aikinsu ba ne.

A yanke tun da wuri abubuwan da idan sun faru za a kira jami'an gaggawa ba tare da shawara ba: shaƙe wuya, ɗaukar makami, cinna wuta, barazanar kisa, ko yunƙurin kashe kai. Shaƙewa tana buƙatar ganin likita ko da babu tabo, domin kumburin maƙogwaro da lahani ga jijiyoyin wuya na iya bayyana bayan sa'o'i; sauyin murya, wahalar haɗiya ko numfashi, jiri da suma alamomi ne na gaggawa. Danne yaro kuwa hanya ce ta ƙarshe, don ceton rai kawai. Kada a kifa shi a kan cikinsa, kada a hau masa ƙirji ko baya, kada a kama wuya. An yi asarar rayuka ta wannan hanya, har a hannun ma'aikatan da aka horar.

Lokacin da abin ke tashi, magana kaɗan ta fi yawa amfani. Mutum ɗaya ya yi magana, da murya ƙasa, yana tsaye ta gefe ba gaba da gaba ba, da tazarar da hannu ba zai kai ba. Jumla ɗaya ta isa: "Na ji ka. Ba zan amsa yanzu ba, za mu dawo kan maganar." Ban da wa'azi, ban da barazanar hukuncin da ba za a iya zartarwa ba, ban da ɗaukar bidiyo a fuskarsa, ban da fizge abu daga hannunsa. Bayan ya lafa, jiki kan ɗauki awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ya sauka sosai. Iyaye da yawa a nan suke sake tayar da wutar, su ga ya yi shiru minti goma su ce, "To yanzu zo ka ba da haƙuri."

Tirjiya ba da duka ba

Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi yaɗuwa wajen aiki da iyaye ita ce wadda Haim Omer na Jami'ar Tel Abib ya tsara, yana aro daga gwagwarmayar lumana ta Mahatma Gandhi da Martin Luther King. Tushenta shi ne iyaye ba su da ikon juya yaron, amma suna da iko a kan abin da su za su yi. Amfaninta babba shi ne ba ta buƙatar yardar yaron, wanda galibi ba zai taka ofishin kowa ba. A gwajin da Omer da Uri Weinblatt suka wallafa a 2008 kan iyalai 41, zama na mako biyar tare da tallafi ta waya ya rage wa iyaye jin gazawa da saurin hawa, kuma sun ba da rahoton raguwar munanan halayen yaran. Gwajin ƙarami ne, kada a ɗauke shi a matsayin tabbacin warkewa, amma alƙiblar da ya nuna ta dace da abin da masu aikin ke gani.

An saba cewa da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Omer ya juya maganar, ya ce a wannan aikin sai ƙarfen ya huce. Jinkirta martani ba sallamawa ba ne muddin an dawo kan maganar, bayan sa'o'i ko washegari.

Aikin yana farawa da rarraba halaye cikin kwanduna uku. Iyaye su rubuta duk abin da ke damunsu, wanda yakan kai ashirin ko talatin. Babban kwando na abubuwan da za a kau da kai a kansu a yanzu ne, kamar ɗaki a hargitse ko tsaki. Na tsakiya na abin da za a tattauna ne a sasanta, kamar lokacin barci. Ƙaramin kwando ba ya ɗaukar fiye da abu ɗaya ko biyu, kuma duka da barazana su ne a ciki. Iyaye sukan ji kamar an ce su zubar da tarbiyya. Gaskiyar ita ce mai yaƙi a fage ashirin ba ya cin ko ɗaya, kuma yaron da ake yi wa faɗa kan takalmi da murya ɗaya da faɗan dukan uwarsa ba zai gane wanne ne babba ba.

Daga nan sai sanarwa. Ana rubuta ta, ba ta wuce rabin shafi ba, a karanta wa yaron lokacin natsuwa, iyaye biyu tare idan akwai, a miƙa masa takardar. Misali: "Muna ƙaunarka, kuma mun san abubuwa sun yi maka nauyi. Dukan mamanka da fasa kaya sun sa gidan nan ya zama wurin tsoro. Daga yau za mu yi duk abin da za mu iya don mu tsayar da wannan, ba tare da mun buge ka ko mun wulaƙanta ka ba. Ba za mu ƙara ɓoyewa ba, za mu nemi taimakon mutanen da ke ƙaunarmu." Babu barazana a ciki, babu jerin laifuffukan shekara biyar, babu "idan ka sake". Yaron na iya yin dariya, ko ya yaga takardar, ko ya fita. Ba a bin sa, ba a jayayya. Sanarwar alkawari ce da iyaye suka ɗaukar wa kansu, don haka yagawa ba ta soke ta.

Sashen da ya fi wuya, kuma a ganinmu ya fi kowanne tasiri, shi ne tara masu mara baya. Iyaye su zaɓi mutum biyar zuwa goma, ko uku ma idan su ke nan: kawu, gwaggo, kaka, aminin uba, malamin da yaron ke girmamawa. A gaya musu gaskiyar abin da ke faruwa, a ba kowa aiki takamaimai. Wani zai zo idan an kira, wani zai ɗauki ƙanne na kwana ɗaya, wani zai tuntuɓi yaron bayan kowane rikici da saƙo gajere: "Na ji abin da ya faru jiya, ka ture mamanka. Wannan duka ne, kuma dole ya tsaya. Ina tare da kai, idan akwai abin da zan taimaka ka gyara, ga ni." Abin da ke lalata wannan mataki shi ne zaɓen mutumin da zai zo ya kunyata yaron, ko ya yi masa barazana, ko ya juya ya zargi uwar. Mai zafin hannu, komai kusancinsa, a bar shi a waje. Yaron zai ce an tona masa asiri. Amsar ita ce duka ba ya cikin abin da ake rufawa, sauran sirrinsa kuwa yana nan a rufe.

Akwai kuma zaman dirshan. Bayan wani babban rikici, idan an huce, iyaye su shiga ɗakin yaron su zauna, su ce: "Ba za mu yarda da dukan da ka yi jiya ba. Mun zo mu ji shawararka kan yadda ba za a sake ba." Sai su yi shiru. Ga matashi zaman na iya kai awa ɗaya, ga ƙaramin yaro ya fi guntu sosai. Idan ya kawo shawara mai ma'ana, ko ƙarama ce, a ce za a gwada, a tashi. Idan bai kawo ba, lokaci ya cika a ce "yau ba mu sami mafita ba", a fita. Idan ana tsoron zai kai hannu, mai mara baya ya kasance a gidan. Wannan mataki bai dace da kowane yaro ba: wanda aka taɓa kullewa ko cutarwa a ɗaki zai ji shi a matsayin tarko, kuma inda akwai makami ko taɓin hankali ba a yin sa sam. Ya fi kyau a yi shi da jagorar wanda ya ƙware.

Tare da duk wannan, iyaye su riƙa yin ƙananan alheri marasa sharaɗi: gyara masa wani abu da ya lalace, saƙon fatan alheri ranar jarrabawa, tayin fita tare. Ba lada ba ne, don haka ba a janye shi idan ya yi laifi, kuma ba a jiran godiya. Yana iya watsar da shi. A sake wani bayan kwana biyu. Dalilinsa shi ne gidan da aka daɗe ana rikici yakan wayi gari babu abin da ya rage tsakanin uwa da ɗa sai faɗa, kuma yaron da ya yanke cewa an tsane shi ba shi da abin da zai yi asara. Haka nan a buɗe masa hanyar gyara ɓarna: ya biya wani ɓangare na abin da ya fasa, ya gyara ƙofar tare da kawunsa, ya rubuta ban haƙuri. Gyara ya fi hukunci amfani domin yana mayar da shi cikin gida, hukunci kuwa yana ƙara tura shi waje.

A gargaɗi iyaye tun farko cewa abin yakan ƙara muni kafin ya yi sauƙi. Yaron da hankaɗewa ta saba yi masa aiki, idan ta daina, zai ƙara ƙarfi ya gani. Makonnin farko su ne mafi haɗari, kuma a nan ne yawanci ake watsar da tsarin a ce bai yi ba. Wanda ya sallama a wannan gaɓa ya koya wa yaron sabon mataki mafi tsanani. Shi ya sa ba a yin sanarwa sai tsarin tsaro da masu mara baya sun kammala.

Aiki da yaron kansa

Idan yaron ya yarda, ko kotu ta tilasta, akwai shirye-shiryen rukuni. Step-Up, wanda aka fara a yankin Siyatil na Amurka a 1997, yana haɗa matasa da iyayensu na kimanin mako 20. Kowane mako matashin yana faɗin abin da ya yi na cutarwa da na mutuntawa, ya ɗauki alkawari ɗaya na mako mai zuwa. Break4Change a Ingila yana tafiyar da rukunin iyaye da na matasa a gefe guda. Eddie Gallagher na Ostireliya ya tsara nasa don iyaye kaɗai. Abin da matashi ke koya a irin waɗannan wurare a aikace yake: gane alamun jikinsa kafin ya fashe, kamar zafin fuska da dunƙule hannu, da ficewa na ɗan lokaci bisa yarjejeniya. Yarjejeniyar tana faɗin inda zai je, minti nawa, kuma iyaye ba za su bi shi ba, shi kuma zai dawo a ƙarasa maganar. Darasin sarrafa fushi shi kaɗai ba ya wadatarwa ga yaron da ke amfani da tsoro da gangan, domin shi fushinsa a hannunsa yake.

Ga yaro mai otizim ko naƙasar fahimta, nauyin aikin yana komawa kan rage abin da ke tayar da shi: jadawali mai hoto, gargaɗi minti goma da minti biyu kafin a sauya aiki, wurin da babu hayaniya, awa ɗaya ba tare da buƙatu ba bayan makaranta, da hanyar cewa "ya ishe ni" ba da hannu ba. Hanyar Ross Greene, masanin halayyar yara na Amurka, ta zama da yaro a warware matsala ɗaya tare tana da amfani a nan. Magani yana taimakawa idan akwai larurar da yake yi wa aiki, amma babu ƙwayar da ke gyara tsarin da gida ya saba da shi.

Ƙanne da yayye su ne aka fi mantawa. Suna buƙatar babba ya ce musu abin da ke faruwa ba daidai ba ne kuma ba laifinsu ba ne, suna buƙatar lokaci da iyayensu wanda rikicin ɗan'uwansu ba ya cinyewa, kuma makarantarsu ta sani. Idan su ma ana dukansu, maganar ta zama ta kare yara, ba ta haƙuri ba.

Ci gaba ana auna shi da littafin nan: sau nawa a mako, tsananin abin, da tsawon lokacin hucewa. Saukowa daga rikici biyar a mako zuwa biyu, ko daga naushi zuwa buga ƙofa, ci gaba ne na gaske ko da zagi bai tsaya ba. Idan bayan wata biyu zuwa uku ana bin tsarin raunuka suna ƙaruwa, ko an sake shaƙe wani, ko ƙanne ba su da aminci, to lokacin raba wurin kwana ya yi, ko wurin dangi ko ƙarƙashin hukumar kula da yara. A tsara shi da rana tsaka, ba cikin daren rikici ba, a rubuta ranakun ziyara da kira, da sharuɗɗan dawowa, da wanda zai ci gaba da aiki da yaron a inda ya koma, domin idan an mayar da shi gida ba tare da an sauya komai ba, rikicin yakan dawo yadda yake.